Goron Da Aka Mayar

Baffa Kabo ya mayar da goron Munzali ranar Talata. Ƙwarya biyu da alawa da turmin atamfa, duk a cikin buhun da aka kawo su. Bai aiki kowa ba. Da kansa ya ɗaure buhun a bayan babur, ya kai gidan kawun Munzali da ke kusa da rijiyar Kusugu, ya dire a zaure.

"Mun yi bincike," in ji shi. "Yaronku ya kwana uku a bayan kanta bara. Gidanmu tun kakanni ba a taɓa kulle mutum ba. Ba za mu fara da suruki ba."

Binciken bai yi ƙarya ba. Munzali mai shirya fim ne, amma ba na waƙa da rawa ba. Mutane yake bi da kyamara suna faɗin abin da ya same su. Bara, a wani shinge a hanyar Mai'adua, ya tarar masu kaki sun jera 'yan acaba suna sa su tsallen kwaɗo a cikin rana. Ya ɗaga kyamara. Suka haɗa da shi. Kwana uku babu tuhuma, babu alƙali, a na huɗu aka buɗe ƙofa aka ce ya tafi.

Madina, wadda yake nema, ta san wannan tun ranar da aka sake shi. Shekararta ashirin da shida, malamar firamare ce, shekara biyu kenan suna tare. Mahaifinta, Malam Lawal mai shanu, ya bi al'ada: uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, ya bar wa ƙaninsa Kabo maganar aurenta. Da Kabo ya zo ya faɗi abin da ya yanke, Malam Lawal ya dubi ƙasa, bai ce komai ba.

Kabo kuwa yana da nasa a hannu. Yazid, ɗan abokin cinikinsa, mai safarar hatsi zuwa ƙetare, wata shida yana faka mota a ƙofar makarantar Madina.

"Ni ban ce yaron mugu ne ba," Yazid ya taɓa ce mata ta tagar mota. "Amma mutumin da sana'arsa neman rigima, wata rana za ki kai masa abinci a kwano ta tsakanin ƙarafa."

"To ko a bayan ƙarfe ne ya fi ni sanin abin da ya kai shi," ta ce, ta tsayar da mai adaidaita.

Kabo ya sa rana. Juma'ar sama, bayan an sauko masallaci, magabatan Yazid za su kawo nasu goron.

* * *

Ɗakin aikin Munzali yana bayan shagon Oga Okafor, mai sayar da kayan gyaran babura, wanda ya shekara talatin a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Tebur ɗaya ne, da kwamfutar da aka ɗaure murfinta da salatif, da batura uku a jikin solar shagon. Asabar da Lahadi Munzali yana ɗaukar bidiyon biki da suna, da shi yake ci. Sauran kwanaki yana tace fim ɗinsa na mutanen da aka tsare ba shari'a. Shekara uku yana kansa.

Ranar Laraba da aka tashi makaranta, Madina ta shigo shagon da jajayen idanu.

"Malama, sannu da zuwa," in ji Okafor. "Darakta yana ciki. Tun jiya bai ci komai ba, sai ruwan leda. Na ce masa in zai mutu ya fita min daga shago, ba na son tambayoyi."

Ba ta yi dariya ba. Ta wuce ta tsaya a bakin ƙofa. Munzali ya ba ta baya, bai ji sallamarta ba. A fuskar kwamfuta wani tsoho ne mai ido ɗaya, zaune a kan tabarma, yana magana a hankali.

"Mu biyu aka kama a kan saniyar da aka ce ta sata ce. Ni Audi, ɗan koren shanu daga garin Babban Mutum, da Lawal mai shanu na Daura, mai tabo a gira. Kwana arba'in. Zazzaɓi ya kama ni a ciki. Lawal ne yake jiƙa rawaninsa yana goge min jiki. In an kawo tuwo ya ce ya ƙoshi. Ƙarya yake, ni yake bar wa. Ran da mai saniya ya ga abarsa a wani garke, aka ce mu tafi. Ko haƙuri ba a ba mu ba. Shekara goma sha tara ban sake ganinsa ba."

Jakar Madina ta faɗi ƙasa.

Munzali ya juyo, ya rufe kwamfutar da sauri. Ya makara.

"Baba ne," ta ce.

"Madina, zauna."

"Shekarar da aka ce ya tafi Agadas. Ina shekara bakwai. Ya dawo kamar sanda, bai kawo mana ko dabino ba. Na yi ta kukan tsaraba, Iya ta mare ni." Ta dafa bango. "Tun yaushe ka sani?"

"Sati uku."

"Sati uku. Kafin Baffa ya mayar da goro."

"E."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Kana da wannan a hannu, ka zauna aka ce maka ɗan bayan kanta? Aka ce gidanmu ba a taɓa kulle kowa ba? Ka ɗauki abin nan yanzu mu je wurin Baffa. Minti biyu ya isa. Wallahi da kansa zai je ya ɗauko buhun."

"Ba zan iya ba."

"Me ya hana ka?"

"Ba sirrina ba ne."

"Ni kuma ba taka ba ce? Kwana tara ya rage, Munzali. Ba za su ɗaure ni su kai ni ba, na sani. Amma zan ce a'a, Baffa ya yi fushi, Baba ya yi shiru, a zauna haka shekara da shekaru. Kai ba za a ba ka ba, ni ba zan karɓi wani ba. Haka kake so mu tsufa?"

Ya ɗago kai ya dube ta.

"Mutum ashirin da uku suka zauna a gaban kyamarar nan," ya ce. "Kowanne na yi masa alkawari ɗaya. Ba na fitar da fuskar mutum ko sunansa sai na kai masa ya gani, ya ce ya yarda. Masu shinge ba sa tambayar kowa. In na tona Baba don in samu mata, da me na fi su?"

"Ka fi su da ni," ta ce cikin kuka. "Ni ce ba ka tambaya ba."

Wannan ta shige shi.

Okafor ya leƙo da leda a hannu.

"Ga ƙosai. Ban ji komai ba, kunnena ɗaya ya mutu tun ina yaro. Amma Malama, ni ma ina cikin fim ɗin nan. Sau uku ya kawo min nawa in gani, har na ce masa ya isa haka, na san kamannina. Mutumin da ke tambaya haka, ba zai yi miki ƙarya ba. Ku ci."

Ya ajiye ledar ya koma.

Madina ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa Munzali ya ce, "Ranar kasuwa zan je Mai'adua."

Ta juyo. "Wurin wa?"

"An ambaci sunan Baba. Dole in kai masa ya gani, kamar kowa."

"Zai ce ka zo ka yi masa barazana ne. Ba ka san Baba ba. In ya ɗauka haka, ko Baffa ya sauko shi ba zai sauko ba."

"Na sani."

"Kuma za ka je?"

"Zan je."

* * *

Ta samu mahaifiyarta, Iya Rabi, tana tankaɗe a tsakar gida. Ta durƙusa a gefenta.

"Iya, shekarar da Baba ya je Agadas..."

Rariyar ta tsaya.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ashe gaskiya ne."

Iya ta dubi ƙofar turaka, ta rage murya. "Ni kaɗai na sani. Wani ɗan kore ne ya kawo min saƙo, ya ce Malam ya ce in na faɗa wa ko mutum ɗaya, a bakin aurena. Kwana arba'in ina yi wa Baffanki ƙaryar Agadas. Har yau in ya ji ƙarar kwaɗo ana kulle ƙofa, sai ya tashi daga wurin. Ba ki lura ɗakinsa ba ya da sakata ba?"

Madina ta kifa kai a cinyar uwarta.

"To me ya sa ya yi shiru da Baffa ya faɗi maganar nan?"

"Don in ya buɗe baki, dole ya faɗi dalili." Iya ta shafa mata kai da hannu mai gari. "Ki yi addu'a. Kada ki taɓa shi da zancen. Mahaifinki ba a tura shi."

* * *

Ranar kasuwa Munzali ya bar kyamara a gida. Ya hau babur da waya kawai a aljihu. Ya samu Malam Lawal a ƙarshen kara, kasuwar shanu, a ƙarƙashin rumfar zana, yana duban haƙoran wani bijimi. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi.

"Maganar yarinya tana hannun Kabo," in ji Malam Lawal, bai dube shi ba.

"Ba ita ta kawo ni ba, Baba. Minti biyar nake roƙo, inda ba kowa."

Suka zaga bayan wata motar shanu. Munzali ya kunna wayar ya miƙa masa da hannu biyu. Tsohon ya kalla tun daga farko har ƙarshe. Fuskarsa ba ta motsa ba.

"To," ya ce. "An mayar maka da goro, ka zo da wannan. Nawa ne farashin? 'Yata?"

"A'a, Baba."

"Kada ka ce min Baba."

"Malam, aikina ne haka. Duk wanda aka ambata a ciki, sai na nuna masa. In ya yarda in saka, in bai yarda ba in cire. Da an ba ni Madina, da ba a ba ni ba, da zan zo."

"In na ce ka cire?"

"Sai in cire."

"Cire."

Munzali ya karɓi wayar ya goge a gabansa. Ya zaro wani ɗan memori daga aljihun gaba, naɗe a takarda.

"Wannan shi ne asalin. Na kwamfuta na goge tun da safe. Babu wani kuma."

Malam Lawal ya juya ɗan abin a tafinsa. Bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

"Yanzu fim ɗin naka fa?"

"Zai rage. Hirar Malam Audi ce ƙashin bayansa, kuma ba ta yankuwa, ko'ina sunanka ne a ciki. Zan nemi wata."

"Wa ya gani?"

Munzali ya sunkuyar da kai. "Madina ta shigo ina aiki, ban ji ta ba. Laifina ne. Ta ce in kai wa Baffa Kabo, na ƙi."

Can ana ta ciniki, dillalai suna tafa hannu. Wata saniya ta tsinke igiya, aka bi ta da ihu.

"Kai kwana nawa ka yi?"

"Uku."

"Uku." Ya yi wani ɗan huci ta hanci. "Ai ko warin wurin ba ka gama sabawa da shi ba. Me ka yi?"

"Hoto na ɗauka."

"An kai ka gaban alƙali?"

"A'a."

"Da za a sake ka, me suka ce?"

"Suka ce in tafi."

Malam Lawal ya gyaɗa kai sau biyu. Ya cusa memorin a cikin naɗin rawaninsa, ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Audin yana da rai?"

"Yana nan a Babban Mutum, bayan makarantar allo. Ido ɗaya ya tafi. Ya ce in na taɓa haɗuwa da kai in ce maka har yanzu yana bin ka da addu'a."

Tsohon ya koma wurin bijiminsa. Munzali ya sa takalmi ya hau babur, bai san ko ya gyara ko ya ƙarasa ɓatawa ba.

* * *

Ranar Laraba Malam Lawal ya fita da sassafe bai ce ga inda za shi ba, ya dawo da la'asar. Ranar Alhamis ya kira Madina ɗakinsa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata.

"Uwata, tambaya ɗaya. Wa kike so?"

Ta rufe fuska da mayafi. "Munzali, Baba."

"Ko za a sake kulle shi?"

"Ko za a sake."

"Tashi ki je."

Juma'a bayan an sauko masallaci, motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida. Alhaji Maliki, baffan Yazid, ya shigo zaure da mutum huɗu da huhun goro guda cur. Kabo ya shimfiɗa musu darduma, yana ta fara'a. Madina da Iya suka laɓe a bayan katangar zaure, Madina ta riƙe hannun uwarta har ya yi zafi.

An gama gaisuwa, Malam Lawal bai iso ba. Kabo yana ta duban agogo. Sai aka ji tsayuwar babur. Malam Lawal ya shigo riƙe da hannun wani tsoho mai ido ɗaya, ya zaunar da shi a kan buzunsa, shi kuma ya zauna a ƙasa.

"Yaya, baƙo muka yi?" in ji Kabo.

"Audi kenan. Abokin tafiyata Agadas."

Audi ya yi dariya har da tari. "Agadas mai ƙofar ƙarfe."

Ba wanda ya gane. Malam Lawal ya dubi ƙaninsa.

"Kabo, ka ce gidanmu ba a taɓa kulle mutum ba. An taɓa. Shekara goma sha tara da suka wuce na yi kwana arba'in a bayan kanta, ni da wannan bawan Allah, a kan saniyar da ba mu taɓa gani ba. Ban je Agadas ba. Ban ma san hanyarta ba."

Kabo ya cire hula, ya mayar.

"Yaya, wannan ba maganar gaban baƙi ba ce."

"A gaban baƙi ka faɗi ta yaron. A zauren kawunsa."

"Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba."

"Ba ka sani ba don na ɓoye. Na ɗauka abin kunyata ne. Yaron nan, sa'an ɗan cikina, ya zo har kara da sirrin nan a aljihu. Da ya ga dama ya kawo maka, da yau ana shirin ɗaurin aurensa. Bai kawo ba. Ya ba ni, ya tafi hannu wofi." Ya taɓa rawaninsa, inda memorin yake. "Jibi zan mayar masa. In ya ga dama ya kawo kyamarar, ya ji sauran daga bakina. Audi ya manta rabi."

"Ban manta tuwon ba," in ji Audi.

A bayan katanga Madina ta toshe baki da mayafi. Iya tana kuka ba sauti.

Alhaji Maliki ya gyara zama, ya yi gyaran murya. Mutum ne mai sanyin magana.

"Malam, Allah ya saka maka. Wannan tsohon zance ne, kuma zalunci aka yi maka. Mu ba zai hana mu komai ba. 'Yarku muke so, gidanku muke so."

"Na gode, Alhaji. Nawa kwana arba'in ne, bai hana komai ba. Na yaron uku ne, ya hana shi mata. Wannan lissafin ban gane shi ba."

"Yaya," in ji Kabo a hankali, "kai ka ce ka ba ni ita. Na riga na yi wa mutanen nan magana."

"Na ba ka, ban ƙwace ba. Kai za ka ɗaura. Amma dalilin da ka mayar da goron farko a kaina ya faɗa. Ka san zauren da ka ajiye buhun. Babur ɗinka yana da mai."

Kabo ya dubi huhun goro, ya dubi yayansa, ya sunkuyar da kai.

Alhaji Maliki ya sa hannu ya turo huhun gaba kaɗan, har ya taɓa gefen buzun.

"Malam, mun riga mun ɗauko, ba daɗi mu koma da shi. Ka karɓa dai a ajiye. In an huce sai a sake zama."

Malam Lawal ya sa tafin hannu ya mayar da huhun inda yake.

"A'a, Alhaji. Ba zan karɓa ba."